Rantsuwar Arɗo Mamuda

Wane suna ya dace da mutumin da bai yi ƙarya ba, bai taka doka ba, bai ɗauki ko tsinken kowa ba, amma ya jefa gida guda cikin kuka? Malamai da nasu zancen, masu shari'a da nasu, sunan dai har yau ba a same shi ba.

Shi kansa Lauya Madu, wanda magana ce abincinsa, kwana tara ya yi yana juya tambayar nan bai tsinci komai ba sai haushi. Ya ji haushin jam'iyya, ya ji haushin manoma, ya ji haushin tsohon da ya ƙi ɗaga hannu ya ceci kansa. Mutum ɗaya ne bai yarda ya ji haushinsa ba, wanda yake gani a madubi in zai gyara hula.

Madu jikan Barebari ne, fataken kanwa da suka yada zango a Kazaure suka ƙi tashi. Ya yi karatun lauya a Zariya. Lokacin da kuɗin mai ya cika gari, abokan karatunsa suka bazu Kano da Kaduna, shi kuwa ya komo gida ya kama ɗaki ɗaya kusa da tasha, ya ajiye tebur da keken rubutu. A shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula, jam'iyyarsu ta tsai da shi takarar majalisar jiha.

A cikin wannan shekara kuma yake neman auren Rahamatu, malamar firamare a Roni, 'yar Arɗo Mamuda mai ruga a wajen Gwiwa. An kai goron tambaya, an karɓa. Rana ce kawai Arɗo ya kasa sawa, saboda Daudu, ɗan ƙanensa marigayi, wanda ya tashi a hannunsa, shi ma yana son ta.

Sai ga rigimar Fadamar Tsamiya.

A nan shanun Arɗo suke shan ruwa tun yana saurayi. Amma tun bayan babban fari, da injin ban-ruwa ya shigo, tumatir da albasa suka yi daraja, manoman ƙauyuka bakwai suka tuna cewa kakanninsu sun taɓa noma wurin. Jagoransu Lauwali, shi ne kuma shugaban jam'iyyar Madu a yankin. Ya kai Arɗo ƙara gaban alƙali.

Lauya ba ya tsayawa a kotun alƙali a zamanin, kuma Madu ya faɗa a bainar jama'a cewa ba ruwansa da shari'ar da ta shafi surukinsa. Ƙa'ida kuwa sananniya ce. Mai ƙara shi ke kawo shaidu. In ba shi da su, wanda ake ƙara ya dafa Alƙur'ani ya rantse, ya tafi da abinsa. In ya ƙi, rantsuwa ta koma kan mai ƙara.

Ranar shari'a Lauwali ya ce ba shi da shaida ko ɗaya. Alƙali ya ce Arɗo ya rantse. Arɗo ya sunkuyar da kai ya ce ba zai rantse ba. Sau uku ana maimaita masa. Lauwali ya matso ya dafa, fadama ta zama ta manoma.

A rana ta tara Madu ya tuƙa tsohuwar Fijo ɗinsa zuwa Roni. An tashi daga makaranta. Ya iske Rahamatu ita kaɗai a aji tana goge allo, alhali babu sauran rubutu a jikinsa.

"Malama, sannu da aiki."

Ba ta juyo ba.

Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma da wannan wasa Madu ya fara shiga zuciyarta. Sai ya gwada shi.

"Yau baiwa ta ga ubangidanta ta ƙi gaisuwa?"

"Ajiye wasan nan, Lauya. Yau ba ranarsa ba ce."

Ta juyo. Idanunta sun kumbura, alli ya ɓata gefen mayafinta.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da ka kawo min littattafai, muka zauna a gindin darbejiyar can, me na gaya maka game da Baffa?"

"Kin gaya min abubuwa da yawa."

"Kada ka yi min lauyanci!"

Ya tuna sarai. Ran nan da alfahari take ba shi labarin, don ya san irin gidan da zai shiga. A shekarar da aka samu mulkin kai, Arɗo ya yi jayayya da ƙanensa a kan wani bijimi. Arɗo ke da gaskiya, ya rantse, aka ba shi. Ƙanen ya kwashe iyalinsa ya tsallaka iyaka zuwa Nijar, ya mutu a can ba su sake magana ba. Arɗo ya je ya ɗauko maraya Daudu, ya yi wa Allah alkawari ba zai ƙara dafa Alƙur'ani a kan dukiya ba, ko da garken duka za a kwashe. Ban da 'yan cikin gida babu wanda ya san wannan.

"Lauwali ya shiga kotu da alwalarsa," in ji Rahamatu. "Kowa ya ga danshin ruwa a gemunsa tun kafin alƙali ya ambaci rantsuwa. Shaidu biyar ya tara, ya bar su a gida. Mutumin da bai san Baffa zai ƙi ba, zai bar shaidunsa a gida?"

"Shaidun nan duk masu rabo ne a fadamar, alƙali ba zai karɓe su ba. Kowane mai hankali zai..."

"Ka faɗa masa ko ba ka faɗa masa ba?"

"Ban ba kowa labarin mahaifinki ba."

"To me ka ce masa?"

Ya kalli taga.

"Na ce ya bar shaidu, ya nemi rantsuwa. Shi ke nan. Magana ɗaya."

Ta zauna a kan bencin yara. Hawaye suka zubo, ba ta share ba.

"Magana ɗaya," ta ce. "Da bakina na ba ka ita. Ina murna, ina cewa ga wanda zai san darajar ubana."

Ransa ya ɓaci, ya ɗaga murya.

"Ke kin je ƙauyukan nan lokacin fari? Ni na je! Na ga mata suna tonon gidan tururuwa suna neman tsaba. Kakanninsu sun noma wurin nan, ba ƙarya Lauwali ya rantse a kai ba. Ban ƙirƙiri shaida ba, ban sayi kowa ba. Doka ta ba mahaifinki ƙofa a buɗe, shi ya ƙi shiga. Wa ya riƙe masa hannu? Hannu kawai zai ɗaga!"

"Ka san ba zai ɗaga ba."

"Wannan tsakaninsa da Allah ne."

"Da tsakaninsa da Allah ne. Kai ka shiga tsakani. In don matan nan ka yi, me ya hana ka zo ka zauna da Baffa ka roƙe shi rabin fadamar? Wallahi da ya ba ka. Amma in ya bayar don kansa, ba za a ce Lauya Madu ne ya ƙwato ba. Ƙuri'a ba ta fitowa daga kyauta, ko?"

Wannan ta same shi a inda bai shirya ba.

"Ba ma wannan ne ya hana ni barci ba," ta ci gaba. "Baffa ya gane daga cikin gida maganar ta fita. Ni bai zarge ni ba, kai ma bai zarge ka ba, yana ta yabonka wai ka ji kunyarsa ka janye hannu. Hamma Daudu yake zargi."

"Daudu?"

"An gan shi a kasuwar Gwiwa yana ciniki da ɗan Lauwali. Baffa ya ce ramuwar ubansa ya yi, shekara goma sha tara yana ɓoye ta a ciki. Ya daina amsa gaisuwarsa. Ya ce ranar kasuwa mai zuwa ka zo, zai sa mana rana, ya kuma sallami Hamma Daudu daga rugar."

Wani abu ya motsa a ƙirjin Madu, kuma abin da ya fi ba shi haushi shi ne ya gane ko mene ne. Daɗi ne. Kujera ta zo, abokin hamayya ya kau, ga Rahamatu, duk ba tare da ya ƙara furta komai ba. Ita ma ta ga abin a fuskarsa.

"Ka ji daɗi," ta ce a hankali.

"Ban ce ba."

"Ka je ka gaya wa Baffa gaskiya, Lauya."

"In na faɗa, tambayar farko da zai yi ita ce wa ya gaya min. Kin san amsar. Ke nake karewa."

"Kare ni da me? Da korar marayan da muka sha nono a ƙwarya ɗaya? Ba na son Hamma Daudu da aure, na faɗa masa a gaban kowa. Amma yayana ne. Shi ya goya ni ya tsallakar da ni rafi ranar da aka fara kai ni makaranta."

"To ke ki faɗa mana, tunda kin matsu!"

Ta miƙe ta share fuskarta da gefen mayafi.

"Zan faɗa in ka ƙi. Amma ka ji yadda abin yake. In kai ka faɗa, wataƙila Baffa ya kore ka, amma ni ban rasa ka ba. In ni na faɗa, ko Baffa ya yafe, ni na rasa ka har abada, don ba zan kwana ɗaki ɗaya da mutumin da nake auna maganata a gabansa ba."

"Ba zan faɗa ba, Rahamatu. Ban yi laifin da zan je in durƙusa ina ba da haƙuri ba. Kawo min littafi ɗaya, na boko ko na addini, da ya ce na yi laifi."

"Ba ni da littafi," ta ce. Ta ɗauki jakarta ta wuce shi a bakin ƙofa.

Washegari da hantsi Lauwali ya iske shi a zauren gidansu a Kazaure, babbar riga sabuwa, baki har kunne.

"Ranka ya daɗe, ɗan majalisa! Ƙauyuka bakwai sun zama naka. Har waƙa mata suka yi maka a wurin daka."

"Wa ya ce ka yi alwala tun daga gida?"

Lauwali ya ƙyalƙyale da dariya. "To ni na san za a duba gemuna? Ai zumuɗi ne."

"Zumuɗinka zai sa a kori wanda bai ji ba bai gani ba."

Dariyar ta ɗauke. Lauwali ya gyara zama.

"Lauya, ka saurare ni. In ka je ka buɗe baki a rugar can, kafin la'asar labari ya zaga cewa ka yi nadama, za ka taimaki surukinka ya ɗaukaka ƙara. Mutanen da suka ɗaga ka su za su sauke ka. Saura sati uku zaɓe. Fulani su kori ɗansu ko su riƙe shi, ina ruwan jam'iyya?"

Bayan ya fita, Hajja Kaka ta ɗaga labulen ƙofar cikin gida. Ita ta reni Madu tun rasuwar uwarsa, kuma ba ta taɓa jin kunyar a san tana sauraron zancen zaure ba.

"Na ji komai," ta ce. "Ka kama bakinka."

"Hajja..."

"Na ce ka kama bakinka! Shekara nawa muke a garin nan? A nan na binne mijina, a nan na binne ubanka, har yau in an tashi rabon wani abu sai a ce baƙi ne, Barebari ne. Yanzu Allah ya kawo kujera har ƙofar gida, za ka ture ta saboda hawayen budurwa? Je ka karɓi ranarka ka dawo."

Ta juya za ta koma, sai ta tsaya, ba ta kalle shi ba.

"Amma in sun kawo maka nono, kada ka sha."

"Don me?"

"Ka fi ni sani," ta ce, ta saki labulen.

Ranar kasuwar Gwiwa, bayan azahar, ya kama hanya. Sai da ya bi ta gefen Fadamar Tsamiya, don babu wata hanyar mota. An kewaye ta da shingen ƙaya. A ciki injin ban-ruwa na ta ƙugi, yara da mata suna dasa albasa suna raha, kuma ya ga hotonsa an manna a jikin tsamiyar. A waje shanu sun fi ɗari sun yi layi a bakin shingen, ba sa kiwo, ba sa kuka, ruwan kawai suke kallo.

Ya duba ciki ya ce ai ga amfanin abin da ya yi. Ya duba waje ya taka mota da ƙarfi.

Arɗo Mamuda yana zaune a kan buzu a inuwar wata ƙirya, dattawan ruga huɗu na gefensa. Ya rame a kwana goma sha biyun nan, amma da ya hango Madu sai fuskarsa ta saki.

"A'a, ga bawana ya iso! Babarbare, ina kanwar shanuna? Ko ka cinye a hanya?"

Dattawa suka yi dariya. Madu ya cire takalmi ya durƙusa.

"Barka da rana, Baffa. Mun same ku lafiya?"

"Ji shi, yau ko ramawa ba ya yi. Siyasa ta cinye masa harshe."

Aka kawo ƙwaryar kindirmo da ludayi aka ajiye a gabansa. Ya san hannun da ya jera faifan a kai. Bayan zanan da ya raba wurin zaman maza da bukkokin mata, ya ga gefen wani mayafi da ya sani.

"Bismilla," in ji Arɗo.

"Alhamdu lillahi, Baffa, a ƙoshe nake."

"Babarbare ya ƙi nono? Lalle duniya ta zo ƙarshe." Arɗo ya yi murmushi, sannan murmushin ya gushe. "To, bari mu gama da mai ɗaci kafin mai daɗi. A kira min Daudu."

Daudu ya zo da sandarsa a kafaɗa, dogo, ƙafafunsa duk ƙura, daga neman ruwa yake tun asuba. Ya tsuguna nesa kaɗan. Ko kallon Madu bai yi ba.

Arɗo ya sa aka sauko da gafaka daga jikin bukka. Ya karɓa da hannu biyu ya ɗora a kan faifai mai tsabta.

"Daudu, ga Littafin Allah. In ba kai ka kai sirrina wurin Lauwali ba, yi alwala ka dafa. In ka dafa, ni zan ba ka haƙuri a gaban mutanen nan."

"Ba zan dafa ba, Baffa."

Dattawa suka dubi juna.

"Kun ji ko?" in ji Arɗo.

Daudu ya ɗago kai, jijiyoyin wuyansa sun tashi.

"Me suka ji? Kai ka ƙi dafawa a gaban alƙali, aka ce mai tsoron Allah. Ni na ƙi, an ce munafuki! Wa ya koya min? Ina da shekara takwas ka ɗauko ni daga kan kabarin ubana, kana kuka kana cewa rantsuwa ce ta raba ku. Tun ran nan na ce ni ma ba ni ba ita. Ɗan maraƙi na sayar wa ɗan Lauwali, a tsakiyar kasuwa, da rana tsaka. In ramuwa nake so, sau nawa na kwana da garkenka ni kaɗai a daji?"

"Rufe min baki!"

"Ba zan rufe ba! Ka hana ni Rahamatu, na haɗiye. Ka ba baƙo, na haɗiye. Yanzu sunana za ka ƙwace?"

Madu ya ji gumi na bin bayansa. A ransa lauya na ta aiki. Ba a tambaye ka ba. Wanda ba a tambaya ba bai yi ƙarya ba. Yaron nan zai tafi Nijar wurin dangin uwarsa, ya yi aure, ya manta. Ya kafa idonsa a kan ƙwaryar nonon, wani ƙuda na zagaya bakin faifan.

Arɗo ya miƙe.

"Kawo min buta."

"Arɗo, a yi haƙuri," in ji ɗaya daga cikin dattawan. "A bar shi ya huce."

"Na ce a kawo min buta!"

Aka kawo. Ya tsuguna a gefe ya fara alwala. Babu mai motsi. Ana jin zubar ruwan a kan yashi, da wani sauti ƙasa-ƙasa daga bayan zana, na mai toshe baki da mayafi.

Ya dawo ya zauna gaban gafakar, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Shekara goma sha tara ban dafa Littafin nan don rantsuwa ba," ya ce. "Na bar fadama ta tafi, shanuna na kallon ruwa suna mutuwa, ban dafa ba. Alkawarina a kan dukiya ne. Wannan ba dukiya ba ce. Yau zan rantse, don kada gobe zuciyata ta yi sanyi in janye. Zan rantse cewa Daudu ba ɗana ba ne, ba ya ƙara taka rugata, ba ya tsayawa a kan gawata. In na gama, Lauya, sai mu sa ranarka. Kai da ba jinina ba ka ji kunyata, jinina ya sayar da ni."

Ya zare igiyar gafakar. Ya buɗe. Ya ɗaga hannun dama.

Madu ya ga hannun a sama, siriri, jijiyoyi duk a waje, ruwan alwala bai bushe a kai ba. Hannun da ya yi kwana goma sha biyu yana jin haushinsa don ya ƙi ɗaguwa. Ga shi ya ɗagu. Ya tuna da kujera, da Hajja Kaka da kaburburanta biyu, da mata masu waƙa a bakin turmi. Ya nemi littafin da zai kafa hujja da shi, bai samu ko shafi ɗaya ba.

Bai san lokacin da ya tashi ba. Gwiwarsa ta ture ƙwaryar, nono ya malale a kan yashi. Ya cafke wuyan hannun tsohon saura kaɗan ya sauka.

"Kada ka dafa, Baffa."

"Kai, lafiya? Sake ni."

"Ba Daudu ba ne." Ya ɗaga murya yadda har na bayan zana za su ji. "Ni ne. Ni na ce wa Lauwali ya bar shaidunsa a gida ya nemi rantsuwarka. Na san ba za ka rantse ba. Na sani, shi ya sa na faɗa masa. Don ƙuri'a na yi."

Sandar Daudu ta faɗi daga kafaɗarsa. Wani dattijo ya fara salati bai ƙarasa ba.

Arɗo ya daɗe yana kallon yatsun da ke riƙe da hannunsa. Sannan ya kalli nonon da yashi ke shanyewa. Ya juya ya kalli Daudu, kafin ya dawo da idonsa kan Madu.

"Mu da ku wasa muke yi," ya ce daga bisani, a hankali ƙwarai. "Tun kakanni. Ka zage ni in zage ka, mu yi dariya. Shi ya sa ban taɓa rufe maka ƙofa ba."

Madu bai saki hannun ba, kuma bai ɗaga kai ba.

"Sake ni, Madu."

Bai taɓa kiransa da sunansa ba sai yau. Madu ya saki. Tsohon ya rufe gafakar, ya ɗaure igiyar, ya ɗora hannayensa biyu a kan gwiwa.

"Saura abu ɗaya," ya ce. "Maganar nan mutum biyar ne suka san ta a duniya. Wa ya gaya maka?"

Madu ya dafe ƙasa da hannu biyu, ya ƙudura a ransa ko za a yanka shi ba zai ambaci suna ba.

Sai zanan ya motsa. Rahamatu ta fito, fuska jiƙe, ba takalmi. Ta ratsa ta gaban dattawan, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta girma, ta zo ta durƙusa a kan yashin da nono ya jiƙa, dab da gefen Madu.